TUKUICIN SHIRU: Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna tsine wa Allura, na gani, na kuma karanta duka. Har da wadda ta ce in ta haɗu da ita a hanya sai ta fasa mata kwamfutar a ka. Ku dai bari ku ji ta bakinta tukuna. Wanda bai taɓa riƙe biro a gaban lauya ba ya ɗan sassauta.

*

Allura ta fi minti biyar a tsaye a bakin ƙofar yayarta, jakar kwamfuta rataye a kafaɗa, ta kasa ƙwanƙwasawa. Ita da ke faɗo wa gidan nan kamar an jefo ta, ta buɗe firij kafin ta gaida kowa.

Marigayi babansu, da yake tela ne, shi ya laƙa mata sunan tun tana rarrafe, wai duk ƙanƙantar kafa sai ta shige. Sunan ya bi ta har ya zama sana'a. Aikinta ta zauna gaban kwamfuta ta yi ta laluben manhajojin kamfanoni, in ta gano ɓarakar da ɓarawo zai bi ya shiga, ta sanar da masu abin su toshe, su ba ta tukuici.

Yau kwana uku ke nan da masu kutse suka fasa manhajar da asibitoci ke ajiye bayanan marasa lafiya, suka watsa fayilolin dubban mutane a intanet. Cikinsu har da na Yaya.

Ƙofar ta buɗe.

"Tun ɗazu nake ganin inuwar ƙafarki ta ƙasan ƙofa," in ji Yaya. "Shigo, kafin maƙwabta su ce har ke kin fara gudun gidana."

Ƙarfe goma na safe, amma Yaya na cikin rigar barci. Shekara goma sha biyu tana shugabar makarantar firamare, ba a taɓa ganin ta bayan ƙarfe shidan safe ba guga a jikinta ba. A kan teburin falo akwai kwali. Allura ta leƙa ta ga kofin shayin ofis, da katakon da aka rubuta muƙaminta, da ƙaramar ƙararrawar da take kaɗa wa yara.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Hutu aka ba ni."

"Wane irin hutu?"

"Irin wanda ba a faɗin ranar dawowa." Ta zauna, ta jawo filo ta rungume. "Mai makarantar da kansa ya zo ofis. Da ladabinsa. Har ruwa ya zuba min. Ya ce shi bai ga laifina ba, amma iyaye sun tayar da hankali. Wata ce ta ɗauko fayil ɗin ta saka a guruf ɗin iyaye na waya, ta rubuta a ƙasa, ku ga wadda muka damƙa wa 'ya'yanmu."

"Wace ce?"

"Wadda na koya wa 'yarta karatu da hannuna, bayan malamai uku sun sallama. Bar wannan."

Allura ta sauke jakarta a ƙasa.

Abin da ke cikin fayil ɗin yanzu kowa ya sani. Tun bayan rasuwar ƙaramar 'yarta, shekara biyu da suka wuce, Yaya na zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa a ɓoye. Ciwon damuwa ne. Tana shan magani. Duk abin da ta faɗa wa likita a ɗakin da ta ɗauka daga ita sai shi sai Allah, ga shi nan a wayoyin mutane.

"Umma ta sani?"

"Baban yara ya hana a faɗa mata. Idonta bai daɗe da warkewa ba, kar ta mayar da shi da kuka." Yaya ta nuna jakar da haɓa. "Tun da kin zo da akwatin tsafinki, buɗe. Ki goge min abin nan."

"Ba ya goguwa, Yaya."

"Ke ce fa. Ke da aka ba lambar yabo."

"Abin da ya shiga wayar mutum dubu ya wuce gogewa. Ko na cire a nan, anjima ya ɓullo a can."

Yaya ta kalle ta. Sai ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"To meye amfaninku? Ba faɗa nake ba, tambaya nake. Kullum kina ɗaki kina ƙwaƙule-ƙwaƙule, biki ba kya zuwa, suna ba kya zuwa, an ce kina tsare mutane. Duk yawanku a duniya, a ce babu mutum ɗaya da ya hango wannan ramin kafin a jefa mu ciki?"

Agogon bango na ta bugawa. Can waje mai gyaran famfo na dukan ƙarfe.

Allura ta zo da jawabi. A mota ta tsara shi, da farkonsa da ƙarshensa. Ta neme shi ta rasa.

"An hango," ta ce.

"Me?"

"An hango shi. Wata goma da suka wuce."

"Wa ya hango?"

"Ni."

Yaya ta sauke filon daga ƙirjinta a hankali, ta ajiye shi gefe.

"Sake faɗa."

"Ni na gano ɓarakar, Yaya. Lambar yabon da kike magana, a kanta aka ba ni. Wannan kamfanin ne. Wannan manhajar ce."

"Wadda na ɗauki hotonta na nuna wa malamai? Na ce ku ga ƙanwata?"

"Ita."

"Zauna," in ji Yaya. Muryar ofis ce ta dawo, wadda ke sa yaro ya faɗi gaskiya tun ba a tambaye shi ba. "Zauna ki min bayani kamar 'yar aji ɗaya ce ni."

Allura ta zauna a bakin kujera.

"In kika buɗe fayil ɗinki a manhajar, akwai wata lamba a ƙarshen rubutun da ke sama. In aka canja lambar, aka ƙara ɗaya ko aka rage ɗaya, sai fayil ɗin wani ya buɗe. Ba kalmar sirri, ba tambaya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kamar otal ɗin da makulli ɗaya ke buɗe duk ɗakunansa."

"Sai kika yi me?"

"A ranar na rubuta musu rahoto. Wallahi a ranar. Kafin sati ya zagayo wani ya turo min saƙo, ban san shi ba, ban san yadda ya ji ba, ya ce zai sayi bayanin ninki goma na abin da kamfani zai ba ni. Ko amsa ban ba shi ba. Na ce ni ba ɓarauniya ba ce."

"Sannu da ƙoƙari. Ci gaba."

"Suka kira ni ofishinsu. Hawa na tara, ɗaki mai gilashi, kujeru masu juyawa. Shugaban ya miƙe tsaye da na shiga. Ya ce na ceci rayuka. Suka ce cikin kwana casa'in za su toshe. Sai lauyansu ya turo min takarda."

"Takardar me?"

"Cewa ba zan faɗa wa kowa abin da na gani ba. Ba jarida, ba hukuma, ba 'yan'uwa. Har abada, sai in su suka ba ni izini."

"Kika sa hannu."

"Na tambaya, na ce in kwana casa'in ta wuce ba ku gyara ba fa? Don a sana'armu haka ake yi, in wa'adi ya cika sai ka fito ka faɗa wa duniya, dole su gyara don kunya. Lauyan ya yi murmushi. Ya ce tukuicin da takardar tare suke tafiya, ba a raba su."

"Kika sa hannu," Yaya ta maimaita.

"A satin likita ya ce in ba a yi wa Umma aiki ba, idon dama ma zai bi na hagu."



Yaya ce ta riƙe hannun Umma ranar da aka cire bandejin. Ita ta ji Umma na cewa, ashe labulen nan shuɗi ne. Ita ta rungume Allura a barandar asibiti tana cewa, autarmu ta fitar da mu kunya. Ba ta tambayi inda kuɗin asibitin suka fito ba. An ce mata tukuicin aiki ne, ta ce Allah ya ƙara.

"Kar ki jingina da Umma," ta ce a ƙarshe, amma muryar ta yi sanyi.

"Ban jingina ba. Ba don ita kaɗai ba ne. Sun sa sunana a shafin godiyarsu. Da wannan sunan na samu aikin da nake yi yanzu. Na so abin, Yaya. Shekara shida ina tura rahotanni, wasu ko na gode ba sa cewa, wani kamfani har barazanar kotu ya yi min don na nuna masa ƙofarsa a buɗe take. Ranar nan aka miƙe min tsaye. Na ji daɗi."

"Da kwana casa'in ta cika fa?"

"Na duba. Yana nan a buɗe. Na tura imel, suka ce ana kan aiki. Na sake turawa. Sau bakwai. Daga baya na'ura ce ke ba ni amsa."

"Sai?"

Allura ta sunkuyar da kai.

"Sai na daina dubawa."

"Don me?"

"Don ina tsoron in duba in tarar da shi a buɗe. In ban gani ba, ina iya ce wa kaina sun gyara."

Mai gyaran famfo ya daina duka.

Yaya ta tashi ta nufi kicin. Allura ta ji ƙarar famfo, ta ji an ɗora butar shayi, ta ji an sauke ta ba a kunna wuta ba. Da Yaya ta dawo, a bakin ƙofar kicin ta tsaya, hannu ɗaya a kan katakon.

"Kin ce in aka rage ɗaya ko aka ƙara ɗaya."

"Eh."

"Da lambar wa kika gwada?"

"Da tawa."

"Rana ɗaya muka yi rajista a manhajar nan, ni da ke. Ranar da muka fara kai Umma ganin likitan ido. Muna zaune a benci ɗaya. Ni na fara, na miƙa miki wayar ma'aikaciyar kika yi taki."

Allura ta kafe ido a kan jakar kwamfutarta.

"Ba a banza na yi shekara ashirin ina koyar da lissafi ba. In kika rage ɗaya daga lambarki, fayil ɗin wa zai buɗe?"

"Yaya..."

"Na wa?"

"Naki."

"Kin karanta?"

"Sunanki na gani, da layi biyu ko uku, sai na..."

"Allura. Ni na yi miki wanka. Ni na goya ki. Kalle ni."

Ta ɗago. Hawayen da ta riƙe tun daga mota suka zubo.

"Duka na karanta."

Yaya ta jingina da bango.

"Duka."

"Na rufe. Na tashi na zagaya ɗaki. Na dawo na sake buɗewa."

"Har wurin da na ce ina kulle ofis in yi kuka in na ga 'yan aji ɗaya na gudu?"

"Eh."

"Har ranar da na tsaya a bakin titi na kasa tuna dalilin da zai sa in koma gida?"

"Eh."

"To kin ga abin da na ce a kanki."

Allura ta rufe fuska da tafukanta. Ta gani. Wata goma ke nan layin na bin ta ko'ina, a wanka, a mota, a gaban allon kwamfuta. Likita ya tambaya ko akwai wanda take jin za ta iya faɗa wa a gida. Ya rubuta amsar yadda ta fito: ƙanwata kaɗai, amma ba ta ɗaga kai daga kwamfuta.

"Kin karanta wannan," in ji Yaya, "kika zo gidan nan washegari, ko bayan kwana biyu, kika buɗe firij ɗina, kika ce Yaya kin rame, ko rejim ɗin rage ƙiba kike yi."

"Ban san yadda zan fara ba."

"Da baki ake farawa."

"In na ce na sani, sai kin tambaye ni ta yaya. In na faɗa miki ta yaya, na karya takardar. Kuma na ji kunya, Yaya. Na leƙa abin da ba ki ba ni ba."

"Da kin ce min kawai, Yaya ki cire bayananki daga manhajar nan, kar ki tambaye ni dalili. Kalma nawa ce? Da ban cire ba?"

"Da kin cire."

"Da kin zo kin zauna kusa da ni, ko ba ki ce uffan ba. Kin san a lokacin da me nake kwana, da me nake tashi. Ke kaɗai a duk dangi kika sani. Wata goma."

"Na yi ta kawo miki kaya. Turare, da takalmin nan..."

"Au, ashe na toshiyar baki ne. Ni kuma ina ta murna autarmu ta yi hankali."

Allura ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Ki yafe min."

"Tashi. Ba na son wannan."

"Yaya, don girman Allah."

"Na ce ki tashi." Yaya ta goge idonta da bayan hannu. "Abin da ya fi ci min rai, na kasa ce miki da kin bar Umma ta makance. Na kasa. Na juya maganar ta ko'ina, babu inda zan tsaya in zage ki in ji sanyi. Kin ga abin da kika yi min? Ko fushin ma ba ki bar min shi cikakke ba."

Ta ɗauko jakar kwamfutar daga ƙasa, ta miƙa mata.

"Je ki. Ba korar ki nake ba. Amma in na ci gaba da kallon ki yanzu zan faɗi abin da ba ya goguwa, irin naku na intanet."

*

Allura ba ta san ta iso tashar bas ba sai da ta ji ƙarfen bencin ya ƙona mata cinya. Rana ta take. Bas biyu suka tsaya suka wuce, ba ta ɗaga hannu ba. A tsallaken titi mai kantin magani na goge gilashinsa, a jikin gilashin an liƙa tallar manhajar, hoton wata mata na murmushi da waya a hannu. Ba wanda ya tuna ya cire.

Wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Allura ce?" Muryar namiji, a gajiye.

"Wa ke magana?"

"Ba mu taɓa haɗuwa ba. Ni ne injiniyan da rahotonki ya fara zuwa hannunsa. Ni nake rubuta miki ana kan aiki."

Ta miƙe tsaye.

"Kana da bakin kira na?"

"Ba ni da shi. Amma ki faɗa min inda kike. Maganar ba ta waya ba ce, kuma ba ta jira."

Bayan kamar rabin awa wata tsohuwar mota fara ta tsaya gaban kantin maganin. Mutumin da ke ciki ya kai shekara arba'in da biyar, gemunsa ya fara furfura, rigarsa a yamutse. A kujerar baya akwai kwali, da tukunyar fure ƙarama a kwance, ƙasarta ta zube. Allura ta kalli kwalin. Na biyu ke nan da ta gani yau.

"Jiya suka sallame ni," ya ce, da ya ga inda idonta yake. "Shigo, ki bar ƙofar a buɗe in kin fi so."

Ta shiga, ta bar ta a buɗe.

"Me ya sa ba ku gyara ba?"

"Na gyara."

"Ƙarya kake."

"Kwana biyu ya ɗauke ni. Rahotonki ya fi duk wanda na taɓa karantawa tsabta, ko ɗan koyo zai bi shi ya gyara. Amma kafin gyaran ya hau, sai an kashe manhajar na yini guda a duk asibitoci. A satin kuma ana shirin sa hannu da sababbin asibitoci arba'in. Shugaba ya ce a bari sai an gama. Da aka gama, aka ce wata mai zuwa. Daga nan aka ce ai yarinyar ta sa hannu, ba mai ji."

"Ba mai ji," ta maimaita.

"Haka shugaba ya faɗa. A gabana."

"Kai kuma ka yi shiru."

"Na yi shiru. 'Ya'ya huɗu gare ni, babbar na jami'a. Na ce wa kaina ai na rubuta, na tunatar, na sauke nawa." Ya murza idonsa da yatsu. "Duk imel ɗin da kika turo sai na kasa cin abinci a ranar. Da kika daina turowa, wallahi daɗi na ji. Kin ji irin mutumin da nake."

Allura ta kau da kai. Ta so ta tsane shi. Ta kasa, don kamar madubi aka ajiye mata.

Ya buɗe aljihun gaban mota ya ɗauko ƙaramin filashi baƙi, irin na ajiye fayiloli.

"Komai na ciki. Rahotonki da ranarsa, gyarana da ranarsa, da saƙon shugaba inda ya ce a jinkirta. In wannan ya fita, ba su da wurin ɓuya."

Ta miƙa hannu. Ya janye nasa kaɗan.

"Ki san abin da kike karɓa. In kika fitar, kin karya yarjejeniya. Za su maka ki a kotu, kuma suna da lauyoyin da za su shekara goma ba su gaji ba. Inda kike aiki za su sallame ki, don ba mai son ma'aikacin da ke tona asirin kamfani. Ba kuma kamfanin da zai sake amsa rahotonki."

"Shirun da na yi me ya tsare min? Ba ni."

Ya sa mata a tafin hannu. Amma fuskarsa ba ta saki ba.

"Ba wannan ne ya sa na neme ki da gaggawa ba."

"Akwai wani abu?"

"Na'ura na rubuta duk wanda ya buɗe fayil, da lokacin da ya ɗauka a ciki. Mai gwaji yakan buɗe na daƙiƙa biyu, ya ɗauki shaida, ya rufe. Ke akwai fayil ɗaya da kika buɗe sau huɗu. Na ƙarshen kin yi minti arba'in da bakwai a ciki."

Allura ta damƙe filashin a hannunta.

"Tun a lokacin suka gani," ya ce. "Lauya ya ce a ajiye, wata rana zai yi amfani. To ranar ta zo. Suna neman wanda za su ɗora wa. Za su ce ke kika fara kutsen, kin wuce iyakar gwaji, kuma ba mamaki ke kika sayar wa waɗanda suka watsa."

"Ni da na ƙi sayarwa?"

"Wa zai shaide ki? Amma lauya ya ce in kamfani ne ya kai ƙara, mutane za su ce borin kunya ne. Sun fi son ƙarar ta fito daga bakin mai fayil ɗin. Mara lafiyar da aka ci amanarta. Za su biya ta diyya mai kauri, su rubuta wa wurin aikinta takardar wanke ta, ita kuma ta sa hannu cewa tana neman hakkinta a kan wadda ta fara buɗe mata sirri."

"Ba su san ko wace ce ita a wurina ba."

"Sun sani. A fayil ɗin akwai inda ake rubuta wanda za a kira in wani abu ya sami mara lafiya. Ba sunan mijinta ta sa ba. Naki ta sa."

Allura ta dafe bakinta.

"Yaushe za su je?"

Injiniyan ya kalli agogon motar.

"Sakatariyar lauyan ta ce min ƙarfe goma sha biyu."

Agogon motar na nuna sha biyu da kwata.

Ba ta tsaya rufe masa ƙofa ba. Ta tsallaka titi wani mai babur na zabga mata ashar, jakar na dukan bayanta, takalmi ɗaya na neman cirewa. Ta wuce tashar bas, ta wuce mai gyaran famfo da ke naɗe kayansa, ta sha kwanar layin.

Baƙar mota mai sheƙi na fake a ƙofar gidan Yaya. Direba na ciki yana danna waya.

Ƙofar falon a buɗe take. Ta tsaya a bakinta tana haki.

Shi ne. Lauyan nan na hawa na tara, da kwat ɗinsa mai ruwan toka, da murmushin da bai canja ba. An ture kwalin gefe, an baje takardu a kan teburin. Yaya ta sa rigar zuwa aiki, gogaggiya, ta ɗora tabaranta a hanci. Biro na hannunta, an cire masa murfi.

Ta ɗago ta dubi ƙanwarta ta saman tabaran. Allura ta nemi wani abu a fuskar, fushi ko tausayi, ba ta samu ko ɗaya ba.

"Yawwa, ga ta nan," in ji Yaya. Ta juya takardar ta tura ta bakin teburin. "Shigo, Allura. Zo ki nuna min inda ake sa hannu, ke da kika saba."